Harsashi Sunan Dalma Ne: Tarihin Ɗurin Bindiga a Bakin Iyakar Bagudo da Benin

Kalmomi ukun da Bahaushe ke amfani da su idan ana maganar harbi duk na aro ne daga Larabci. Albarushi daga al-barud ya fito. Bindiga daga bunduƙiyya, wadda ita kuma tushenta bunduƙ, wani ɗan ƙwallon itace mai ɓawo, wanda daga baya aka riƙa kiran ƙananan dunƙulen da ake harbawa da sunansa. Harsashi kuwa daga ar-rasas yake, kuma ma'anar rasas ta asali ita ce dalma, ƙarfen nan mai nauyi da taushi da masunta ke ɗaurawa a bakin birgi. Kun ga ke nan abu biyu sun fito daga sunayen kawai. Na ɗaya, ta arewa, ta hanyar hamada, kakanninmu suka fara sanin wannan makami. Na biyu, ita kanta bindigar da sunan abin da take tofarwa aka raɗa mata suna.

Abin da ya sa na tono wannan shi ne wata al'ada da ke da farin jini a Amurka da wasu ƙasashen Turai. Akwai masu sha'awar harbin saiti da farauta da ba su cika sayen harsashi a kanti ba. Sukan tsince kwanson da suka harba, su narka dalma su zuba a mazubi, su shafe ta da wani fenti na roba, su sake haɗa harsashin a gida. Sha'awa ce kamar ta masu kiwon tantabara a wurinmu, da shagunanta da mujallunta. Tun 1884 wani mutum mai suna John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a garin New Haven don sayar da irin waɗannan kayan aiki, kamfanin Lyman ya saye shi a 1925, kuma dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi daga wanda ya yi don amfanin kansa. A Najeriya kuwa yin haka laifi ne mai kai mutum gidan yari. Amma fa ɗura bindiga da hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin kowane maharbi mai adaka shi ke haɗa harbinsa da kansa tun kafin a san Ideal. Yadda abu ɗaya ya zama wasa a can, ya zama laifi ko tsohuwar sana'a a nan, labari ne da ake iya bin sawunsa daga bakin kogi a Bagudo.

Ga wanda bai san wurin ba, Bagudo ƙaramar hukuma ce a jihar Kebbi, kogin Kwara ya ratsa ta jim kaɗan bayan ya shigo Najeriya. A cikinta akwai Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya, a ƙetare kuma akwai Madekali da Malanbil da Segbana na yankin Alibori a Jamhuriyar Benin. Hausawa, Fulani, Dandawa, Zabarmawa, Kyangawa da Bokawa duk suna cin kasuwa ɗaya. Illo tsohon gari ne na ƙasar Bargu, ɗan'uwan Busa da Nikki a tarihin baka, kuma mashiga ce ta fataken goro masu zuwa Gwanja.

Karon farko da bindiga ta girgiza wannan kwari shi ne 1591. A watan Maris na shekarar rundunar Sarkin Maroko, ƙarƙashin Judar Pasha, ta karya Askiya Ishaƙa na biyu a Tondibi kusa da Gao, da bindigogin da ake kunna wa wuta da lagwani. Littattafan makaranta a nan suke tsayawa: bindiga ta ci mashi, daular Songhai ta faɗi. Abin da ya biyo baya ya fi ba ni sha'awa. Ragowar sarautar ta gangaro kudu zuwa Dandi, wato ƙasar da ta miƙo bakin kogi har wajejen Gaya, maƙwabtan Illo. A nan Askiya Nuhu ya shafe shekaru yana yaƙin sari-ka-noƙe, kuma Marokawa ba su taɓa mallake Dandi ba. Zazzaɓi ya ci mutanensu, ƙudan tsando ya ci dawakinsu, kuma duk wani taimako na mutane da kaya sai ya ƙetaro Sahara. Bindigar da ta yi aiki rana ɗaya a fili ta zama kaya mai nauyi a fadama da damina.

A nan sai mu ɗan shiga kimiyya. Albarushin dā garin abu uku ne: gawayi, farar wuta, da wani gishiri da masana ke kira fotasiyam naitiret. Gishirin nan shi ke ba da iskar oksijin daga cikin garin kansa, shi ya sa yake ci cikin ƙiftawar ido ko da an toshe shi a bututu. Matsalarsa ita ce laima. Idan ba a tace gishirin sosai ba yakan zuƙi ruwa daga iska, garin ya dunƙule, ya ƙi tashi. Gawayi kowa na da shi, gishirin ana iya samunsa daga ƙasa, amma farar wuta sai an kawo ta daga nesa, galibi ta Tarabulus ko daga jiragen Turawa a bakin teku. Ita kuma dalma, abin da ya sa duniya ta zaɓe ta abu biyu ne. Tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zafin da murhun gawayi ke kaiwa ba wahala, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Sannan tana da nauyi: santimita kubik ɗaya na dalma giram 11.3 ne, na ƙarfe 7.9. Dunƙulen da ya fi nauyi a girma ɗaya ya fi jure turjiyar iska, ya fi zuwa nesa da ƙarfinsa. Inda babu dalma, maƙeri sai ya sassare ƙarfe gutsu-gutsu, wasu ma har tsakuwa suke ɗurawa. Harbin yakan watse, ya kankare cikin bututu, wani lokaci bututun ya fashe a hannun mai shi.

Wannan ne ya sa bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa tana kayan ado na fada fiye da makamin yaƙi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Kumbari (1731–1743) aka fara kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Duk da haka, a watan Oktoba na 1826, lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa wani gari na Gobirawa, ya ƙiyasta mayaƙa dubu hamsin ko fiye, bindigogin da ya ƙirga kuwa ba su kai hamsin ba. Mutanen cikin ganuwa bindiga ɗaya ya ji suna harbawa, ita ce kuma ta kayar da na gaban 'yan lifida daga kan doki. Sauran aikin duk kibiya ce ta yi shi. Kuma da hujja: ɗan baka ƙwararre zai saki kibau da yawa kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya, kuma gora da ƙarfe da dafi duk a dajin gida ake samunsu.

Kada a ɗauka bindigogin ne suka yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Masanin tarihi Joseph Inikori ya lissafa cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindiga tsakanin 283,000 da 394,000 kowace shekara ta bakin teku. Da yawansu ƙirar Bamingham ne, masu dogon bututu da ƙanƙara, irin da Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen Denmak saboda cinikin da suke yi a sansaninsu na Akra. Ita ce kakar adakar da muke gani yau. Sai dai sarakunan kurmi sun san abin da suke riƙe da shi. Asante ta hana a wuce da bindiga da albarushi zuwa arewa ta kasuwar Salaga, wadda can ne fataken da ke bi ta Illo suke sayo goro. Goro ya wuce, albarushi ya tsaya. Ta gabas ma haka: Etsu Masaba na Nufe (1859–1873) ya sami makamai daga 'yan kasuwar Ingila da ke hawowa kogi, ya kuma tsare hanyar don kada su wuce shi.

Wanda ya gane bakin zaren a ƙasar Hausa shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Maimakon ya tsaya ga sayen bindiga, sai ya sa aka riƙa haɗa albarushi da ƙera harsasai, har da zuba igwa, a cikin Zinder. Labarin da matafiya suka ɗauko shi ne yana da bindiga wajen 6,000 da igwa 40. Ko da an yi ƙari a lissafin, maƙwabtansa, har da Kano, sun ji a jikinsu.

Maharba kuma sun yi tasu dabarar. Da yake gutsuren ƙarfe ba ya kayar da giwa, sai suka riƙa ɗura sango, wani gajeren mashi mai dafi, a bakin bindiga su harba shi. Bindigar ta zama baka mai ƙarfin albarushi ke nan, dafin kuma ya ƙarasa aikin. Ni a ganina babu misalin da ya fi wannan nuna yadda mutanen nan suka ɗauki bindiga: bututu ne kawai, abin da za a zuba ciki kuwa shawarar mai ita ce.

To, a daidai lokacin da Tanimu ke gina ma'aikatarsa, Turai ta sauya wasan gaba ɗaya. Daga shekarun 1860 aka koma harsashi mai kwanson tagulla, wanda ya haɗa komai wuri ɗaya: dalma a gaba, gari a ciki, da wata 'yar hula a gindi mai ba da tartsatsi idan an buge ta. Ruwa ba ya shiga, ana sa shi ta baya, ana iya harbi a kwance. Daga nan sauri ya ƙaru, sai sabuwar matsala ta ɓullo, wadda ita ce asalin maganar shafe harsashi. Dalma tana da taushi, idan ta bi ta bututu mai zane a ciki da gudu sosai sai ta goge ta bar saura a jikinsa, saiti ya lalace. An gwada maiko, an gwada naɗe ta da takarda. A 1882 Eduard Rubin na Suwizalan ya sa mata riga ta jan ƙarfe. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da gari marar hayaƙi, kuma a 1887 sojan Faransa suka karɓi bindigar Lebel mai amfani da shi. Fentin robar da 'yan sha'awar Amurka ke shafawa yau wannan tsohuwar matsalar yake magancewa, da araha.

Lura da abin da wannan ya yi wa maƙeri. Gawayi da ƙanƙara da gutsuren ƙarfe yana iya samunsu. Kwanson tagulla da aka matse da inji, da 'yar hular da ke ɗauke da sinadari mai saurin tashi, da gari marar hayaƙi, waɗannan sai masana'anta. Wanda ya yi ƙoƙarin tsallake wannan rami shi ne Samori Ture a ƙasar Mande. Maƙeransa sun kwaikwayi bindigar Gras ta Faransawa, kuma mayaƙansa kan tsince kwanson da aka harba a fagen fama a mayar a sake cikawa. Abin da ake yi yau a Amurka ranar hutu, shi Samori ya yi shi ne don ransa ya dogara a kai. Ya riƙe Faransawa shekara goma sha shida kafin su kama shi a watan Satumba na 1898.

Turawa sun ga haka tun da wuri. Ranar 2 ga Yuli 1890 suka sa hannu kan yarjejeniyar Burasels, wadda aka ce don yaƙi da cinikin bayi ne. A cikinta an hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, wato kusan duk ƙasashen da ke tsakanin Sahara da Kalahari. An bar ƙofa ɗaya: bindiga mai ƙanƙara marar zane a bututu, da albarushin kasuwa. A taƙaice, an ce ku riƙe wadda kuke ɗurawa da hannu, mu mu riƙe mai kwanso.

Abin dariya, a 1894 da Kyaftin Lugga ya ratso Bargu yana tsere da Bafaranshe Decoeur don ƙulla yarjejeniya da Sarkin Nikki, abin da ya kusa halaka shi kibiya ce mai dafi da ta same shi a ka. Bargawa ba su bar baka ba har lokacin. Rikicin Ingila da Faransa kan Bargu ya ƙare da yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, wadda ta ja layi ya faɗo kogi mil goma sama da mashigar jiragen Illo. Nikki ta tafi ga Faransa, Busa da Illo suka zauna wa Ingila, daga baya kuma Turawa suka cire Illo da Ka'oje daga Bargu suka haɗa su da Gwandu. Layin nan shi ne iyakar da ke tsakanin Lolo da Madekali a yau. Shekara biyar bayan haka, ranar 15 ga Maris 1903, bindigar Maxim mai tofar da harsashi wajen 600 a minti ta tarwatsa rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a bakin Sakkwato.

Rabon da aka yi a Burasels bai mutu da mulkin mallaka ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi a Najeriya, ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, na mutum kamar ta harbin tsuntsu masu bukatar lasisin Sufeto Janar, sai na ɗuri ta baki irin su adaka, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ƙera ko haɗa harsashi a wajen ma'ajiyar makamai ta gwamnati da ta soja. Sassaucin da ta yi na masu ƙera bindigar ɗuri ne da gyaranta, su ma da takardar izini. Harsashi mai kwanso ya zama aikin hukuma, musamman bayan kafa masana'antar DICON a Kaduna a 1964. Saboda haka 'yan bindigar sarki da ke cika gari da hayaƙi ranar hawan sallah, da maharbin da ke fita bayan girbi, duk suna tsaye ne a gefen layin da aka ja musu fiye da shekara 130 da suka wuce.

Yau wannan layi ya koma batun rai da mutuwa. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa sun kashe aƙalla mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, lokacin da mutanen garin suka bi sawun shanunsu. A watan Afrilu na 2025 gwamnatin Benin ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a yankin dajin W, cikin Alibori ɗin nan da ke maƙwabtaka da Bagudo. Ɗan sa-kai mai adaka harbi ɗaya gare shi kafin ya tsaya ɗuri, wanda ke gabansa kuma yana da talatin a gidan harsashi ɗaya. Wasu kan ce maganin shi ne a bar maƙera su koyi cika kwanso. Ban yarda ba, kuma dalilina na fasaha ne kafin na doka. Yawancin harsashin AK da ke yawo a Sahel kwansonsa na baƙin ƙarfe ne, da hula samfurin Berdan mai wuyar cirewa, an yi shi ne don a harba sau ɗaya a yar. (Wani abin mamaki: Berdan Ba'amurke ne amma Turai da Rasha suka rungumi ƙirarsa, Boxer kuma Baturen Ingila ne amma Amurka ta ɗauki tasa, mai sauƙin sakewa. Rabin dalilin da ya sa sha'awar ta yi ƙarfi a can ke nan.) Masu ɗauke da AK sayen harsashi suke yi ko su kwasa daga rumbunan gwamnatoci, don haka inda za a iya shaƙe su shi ne inda Asante da Masaba suka shaƙe na arewa: hanyar da kayan ke bi.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ƙara, wanda ya shafi duk gidan da ake narka dalma, ko don harbi ko don birgi da koma, kuma a bakin Kwara masu yin na biyun suna da yawa. Mafi sauƙin inda ake samun dalma yanzu tsohon batirin mota ne. Idan aka fasa shi aka narka a tsakar gida, ƙurar da kumfar da ke tasowa a sama suna sauka a ƙasar da yara ke rarrafe. Jiki yana ruɗewa ya ɗauki dalma kamar kalsiyam, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai zuƙa daga adadi ɗaya, kuma babu wani mizani na dalma a jini da aka sani marar illa. Mu a arewa maso yamma ba sai an ba mu labari ba. A 2010 likitocin MSF sun gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, aƙalla 400, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28. Can dutse ne, nan batir ne, amma ƙarfen ɗaya ne, hanyar shigarsa ma ɗaya: hannu zuwa baki. Naman dajin da aka harba da dalma shi ma yakan riƙe ɓarɓashin da ido ba ya gani, mikiya da ungulu masu cin ragowar su ma suna sha.

Saboda irin wannan ne Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a fadamu daga Fabrairun 2023. Denmak, wadda aka raɗa wa kakar adaka sunanta, ta hana ƙananan ƙwayoyin dalma tun 1996, kuma daga Afrilun 2024 ta hana ta a duk harsashin farauta. Maharbansu yanzu da jan ƙarfe suke harbin barewa, tsuntsu kuma da ƙwayoyin baƙin ƙarfe, wanda maƙeran Bargu da Dandi suka riƙa sassarawa a lokacin da dalma ta fi ƙarfin aljihunsu.